Tabon da Haske Ya Cinye

Sana'ar hoto ce ta ɓata ni, ko kuma ta gyara ni, ya danganta da wanda ka tambaya. Matata cewa take yi ba na yarda da kowa, wai ko liman ne ya ce mini an yi ruwa a Kutawa sai na saci kallon takalminsa. Ni dai abin da na sani, na daɗe a shagona na Dutsin-Ma ina kallon mutane suna shirya ƙarya a gaban kyamara. Wannan ya aro hula, wancan ya jingina da motar da ba tasa ba, wani ya haɗiye tumbi ya riƙe numfashi har in gama. Wanda yake ganin haka kullum dole idonsa ya koyi bin diddigi.

A ƙarshen wata bazara, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka, Yaya ya iso shagon da tsakar rana. Ɗan wan mahaifina ne, manomi a Barkiya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya zauna a kan bencin da nake ɗora masu hoton fasfo, ya zaro wani hoto daga aljihu ya ajiye mini a cinya.

Na riga na san rabin labarin. Yaya yana da shanun huɗa biyu, farare, da su yake noman gero da dawar da gidansa ke ci. Bayan girbi aka wayi gari ɗaya daga cikinsu ya ɓace daga turke. An bi sawu, an yi cigiya, shiru. Bijimi ɗaya kuwa ba ya jan garma, Yaya kuma ba shi da halin sayen wani, ga damina ta ƙarato. In bijimin nan bai dawo ba, huɗar bana sai dai da hannu, shi kuwa ƙarfinsa ya fara ja baya.

Sauran rabin shi ya kawo mini. Ranar kasuwar da ta wuce ya shiga kara, wurin da ake cinikin shanu, sai ya hango bijiminsa a hannun wani Alhaji mai fataucin dabbobi. Ya ce tun daga nesa ya gane shi, saboda wani jan tabo da ke gefen hagu na tozonsa, mai kama da lallen da ya fara goguwa. Ya ruga ya kama igiya ya ɗaga murya. A wannan zamani ce wa mutum yana riƙe da dabbar sata ba ƙaramar magana ba ce, nan da nan jama'a ta taru, wasu har sun fara naɗe hannun riga. Dattawan kara ne suka shiga tsakani. Suka kai bijimin gidan shugabansu aka ɗaure, suka ce kowa ya kawo shaidarsa. Alhaji ya ce a wata kasuwa mai nisa ya saya, kuma wanda aka yi cinikin a gabansa ya yi tafiya. Yaya ya ce shi tasa shaidar tana cikin adaka a gida, domin bara, da ɓatan shanu ya yi yawa, ya bi sahun masu kiran mai hoto ya ɗauki dabbobinsu don irin wannan rana.

Ya koma Barkiya ya ɗauko hoton, ya miƙa wa dattawa yana taƙama. Suka duba, suka sake dubawa. Tozon bijimin da ke cikin hoton fari ne fat, babu ko ɗigon ja. Alhaji ya ce to ga shi nan, Yaya da kansa ya kawo shaidar cewa nasa ba shi da tabo. Dattawa suka ba Yaya zuwa kasuwa mai zuwa. In bai warware wannan ba, za a mayar wa Alhaji bijimi, Yaya kuma ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Na tambaye shi wa ya ɗauki hoton. Ya ce wani tsohon mai hoto ne na Kurfi, kuma ya tabbata Alhaji ya saye shi ya goge tabon. Na tuna masa cewa hoton nan tun bara yana cikin adakarsa, makulli kuma a aljihunsa. Ya ce mu masu hoto babu abin da ba ma iyawa. Na tambaye shi ko bai taɓa lura babu tabon ba. Ya ce da aka kawo hoton kansa ya tsaya kallo, don ya yi kyau ƙwarai, daga nan ya adana.

Da ya tafi sallah na sa hoton a gaba. Zuciyata ta raba zargi gida uku, ban cire kowa ba. Alhaji na iya sanin abin da ya saya. Tsohon na iya yin wani aikin da ban gane ba. Yaya kansa, Allah ya yafe mini, na iya ganin bijimin wani ya ƙyasa. Amma da na daina kallon bijimin na koma kan Yaya da ke tsaye a gefensa, sai na ga da walakin. Yaya baƙi ne wuluk kamar ni, amma a hoton ya fito jawur kamar Buzu. Shuɗiyar rigarsa da na sani ta koma ruwan toka. Ƙasar da suke tsaye a kai ba ta da ko tsakuwa ɗaya, fari ne kawai shimfiɗe. Hoton ya ƙone, kamar yadda muke faɗa, wato haske ya yi masa yawa har ya cinye duk wani launi mai rauni. Abin da ban gane ba shi ne yadda tsohon da ya fi ni sanin rana zai yi wannan ɓarna, ko da gangan ne.

Washegari na hau babur na nufi Kurfi. Na san tsohon tun zamanin da ake sa wa kyamara fim, lokacin da muke leƙen hannunsa a wurin biki muna satar sana'a. Baba muke ce masa. Ɗansa ya aiko masa da kyamarar zamani daga birni, irin mai allo a baya, amma ya ƙi rabuwa da tsofaffin gilasan bakin kyamararsa na ƙarfe, waɗanda ake murza komai nasu da hannu. Ya ce gilashin yanzu roba ne, ba ya ganin mutum. Sai aka samo masa adafta, wani ɗan zoben ƙarfe da ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara.

Bai yi murna da ganina ba. Na gaishe shi har ƙasa, ya amsa yana jan jakar kyamarar zuwa ƙarƙashin kujerarsa. Ashe shi ma zargina yake yi. Tun da ya koma sabuwar kyamara kasuwarsa ta buɗe, amare da 'yan mata har daga ƙauyukan Dutsin-Ma suke zuwa, wai hannunsa yana haska mutum. Ya ɗauka sirrin na zo sata. Sai da na ajiye masa hoton Yaya, na faɗa masa ana cewa an saye shi ya goge tabo, sannan ya miƙe zaune.

"Ni?" ya ce. "Ni da ko kurajen amarya ban iya gogewa? Wa ya hwaɗi haka?"

Na ce ba wannan ne ya kawo ni ba, so nake ya nuna mini yadda yake ɗaukar hoto a rana. Ya fito da kyamarar, amma bai sakar mini igiyarta ba. Muka fita ƙofar shago. Ya murza zoben gilashin, wanda ke tsuke ƙofar da haske ke shiga, ya tsayar da shi a kan lamba huɗu. Daga nan ya juya wani ɗan maɓalli a jikin kyamarar har lambar da ke allo ita ma ta koma huɗu. Na tambaye shi dalilin na biyun. Ya dube ni kamar na tambayi dalilin alwala, ya ce ai dole bakinsu ya zo ɗaya, mutumin kirki ba ya barin aiki rabi.

A nan gizo ke saƙa. Kyamarar zamani da gilashinta na zamani magana suke yi da juna. Tana auna haske ƙofa na buɗe wangam, in ka ce mata huɗu sai ta yi lissafi, ta bari sai lokacin da ka danna sannan ta tsuke ƙofar da kanta. Tsohon gilashi kurma ne, ba ya jin umarninta, hannunka kawai ya sani. Amma adaftar Baba tana da wasu 'yan ɗigon tagulla da ke ruɗin kyamarar, ta zaci gilashin da ke gabanta mai jin magana ne. To Baba ya riga ya tsuke ƙofa da hannu, haske ya ragu. Kyamara ta auna ragaggen hasken nan tana zaton shi ne cikakke, ta kuma sa ran za ta ƙara tsukewa, sai ta tsawaita lokacin da take barin haske ya shiga don ta rama. An rama abu ɗaya sau biyu ke nan, kamar miyar da mutum biyu suka sa wa gishiri, kowa bai san ɗan'uwansa ya sa ba.

Gyaran ba shi da wuya. Ka bar lambar jikin kyamara a mafi ƙanƙanta, kada ka taɓa ta, ka yi tsukewarka da zobe kaɗai, sai ta auna ainihin hasken da ke shigowa. In abin da za ka ɗauka fari ne a cikin rana, kada ka yarda da ita gaba ɗaya ko a hakan. Ni nakan auna a kan busasshiyar ƙasa ko tafin hannuna, in ɗauka, in shiga inuwa in duba allon da kyau kafin in sallami mutum. Baba bai taɓa shiga inuwa ya duba ba. Idonsa ba ya ganin allon a rana, kuma tun da babu wanda ya taɓa dawo masa da hoto, bai ga abin dubawa ba.

Muka gwada a kan wani farin bango mai tabon jar ƙasa. Nasa ya fito babu tabo, nawa ya fito da shi. Ya daɗe yana kallon biyun. Na ji tausayinsa, don na ga yana lissafa amaren da ya ƙona. Ya ce zai zo kara ranar kasuwa, amma da sharaɗi biyu: shi zai riƙe kyamararsa, kuma kada in kuskura in yi wannan bayani a inda mata za su ji.

Na dawo Dutsin-Ma da farin ciki, na aika wa Yaya cewa an samo bakin zaren. Kafin ranar kasuwar, Yaya ya shigo gari, muka je gidan shugaban kara don in ga bijimin da idona. Tabon na nan a tozo kamar yadda ya faɗa. Sai dai halina bai bar ni na huta ba. Na lura Yaya ya tsaya a wajen kan bijimin yana shafa tozon, yana yi masa 'yar muryar da yake yi wa shanunsa, bijimin kuwa ko kunne bai kaɗa ba, tuƙarsa kawai yake yi. Na yi maganar, Yaya ya ce dabba in ta sha hannu takan manta. Na kuma lura bai zagaya shi ba. Manomin da ya rabu da dabbarsa wata da watanni, na zaci zai duba kofato, ya ɗaga jela, ya leƙa ciki ya ga ko an rame masa da ita. Shi tozon kawai ya riƙe.

Alhajin ma ya dame ni ta wata fuskar. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa an yi ta yi masa as a kasuwa, bai gudu ba, bai aiko a sasanta a ɓoye ba. Kullum sai ya aiko da harawa a ba bijimin. Na ce a raina ko dai ƙwararren ɓarawo ne, ko kuma mutumin da bai san komai ba. Ban ji daɗin yadda na biyun ya fi zauna mini ba.

Ranar kasuwa aka fito da bijimin bayan kara, inda babu cunkoso. Dattawa suka zauna a gindin wata bishiya, Alhaji a gefe da mutanensa. Na jira rana ta kai inda take a tsohon hoton, don inuwar ta zo daidai. Na sa aka juya bijimin ya ba mu hagunsa, Yaya ya tsaya inda ya tsaya bara. Baba ya ɗauka yadda ya saba. Sannan na mayar da lambar jikin kyamarar ƙasa, yana riƙe da igiya kamar zan gudu da ita, ya sake ɗauka.

Muka kai wa dattawa allon cikin inuwa. A na farko tozo fari fat, Yaya kuma ya koma Buzu. A na biyu ga jan tabo ɓaro-ɓaro, ga Yaya da baƙinsa. Bijimi ɗaya, rana ɗaya, a gaban idonsu. Aka yi ta miƙa kyamarar daga hannu zuwa hannu ana salati, Baba na bin ta a baya. Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce shi dai Allah ya sani da kuɗinsa ya saya, amma muryarsa ba ta fita kamar da ba. Mutanen da suka zo kallo suka fara matsowa kusa da shi, ina jin wani yana cewa dama biri ya yi kama da mutum. Shugaban kara ya ce tun da hoto bai ƙaryata Yaya ba, ga tabo ya faɗa tun kafin a tambaye shi, mai shaidar Alhaji kuma har yau bai zo ba, shi yana ganin magana ta kusa ƙarewa. Yaya ya ɗaga hannu sama yana hamdala, hawaye na bin gemunsa.

Da na tsaya a nan da an tashi lafiya. Amma kyamarar ta dawo kusa da ni, tsohon hoton kuma yana hannuna, sai na shiga gwada ƙonannen bara da ƙonannen yau. Haske ba ya cin abin da ke cikin inuwa, kuma ba ya cin baƙi. A ƙarƙashin cikin bijimin bara, a cikin cinyar ƙafar baya ta dama, wadda ake hangowa ta tsakanin ƙafafu, akwai wani baƙin tabo kamar girman goro. Na roƙi Baba ya buɗa mini wurin a allo. A na yau babu komai. Na yi kamar zan gyara takalmi, na durƙusa kusa da bijimin na leƙa. Fata ce fara sumul. Jan tabo na iya ɓacewa a hoto, amma baƙin tabo ba ya ɓacewa a jikin dabba.

Ban taɓa jin haushin idona kamar ranar ba. Babu wanda ya gani sai ni, don rigimar duk a kan tozo aka yi ta, kowa can yake kallo. In na yi shiru, Yaya ya koma Barkiya da bijimi, gidansa ya ci tuwo. In na yi shiru kuma, Alhaji ya fita kasuwar nan da sunan da ba ya wankuwa, in ma an bar shi ya fita lafiya. Na ja Yaya gefe, bayan wani tarin buhuna, na sa yatsa a kan hoton.

"Yaya, wannan baƙin na cikin cinya fa?"

Bai kalli hoton ba, ni ya kalla.

"Na san da shi," ya ce. "Tun shina maraƙi shike da shi."

"Ka duba wannan?"

"Ban duba ba." Ya goge fuska da hannun riga. "In na duba, da mi zan yi huɗa?"

Na ƙudura ba ni zan kai maganar gaban dattawa ba, sai in ya ƙi. Muka tsaya a nan, masu ɗaukar kaya suna ratsa mu, ana kiran sunan Yaya daga gindin bishiya a zo a kammala.

Ya taka a hankali ya koma. Bai nufi dattawa ba, ya wuce wurin bijimin, ya dafa bayansa, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune, fiye da yadda dubawa ke buƙata. Da ya miƙe sai ya kwance igiyar daga turke da hannunsa, ya ja bijimin har gaban Alhaji, ya miƙa masa.

"Alhaji, naka ne. Kama ce ta ruɗe ni. Ka yahe mani don Allah, gaban jama'a na ɓata ka, gaban jama'a nike roƙo."

Alhaji ya karɓi igiyar. Ya ce ya yafe, Allah ya mayar masa da alheri, bai ƙara komai ba. Dattawa suka yi addu'a, jama'a ta watse da ɗan jin haushi, don ba abin da suka zo gani ke nan ba. Baba ya rataya kyamararsa ya hau motar Kurfi. An ce mini har yau lambobi biyun nan tare yake saita su in amarya ce a gabansa. Yaya kuwa bai biyo ta shagona ba, ya wuce tasha.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ban ji daga gare shi ba. Na yi ta zargin ya yanke ni, na kasa tambayar kowa. Da lokacin huɗa ya yi na kasa daurewa, na ɗaura jakata a babur na bi hanyar daji zuwa Barkiya. Na same shi a gona, a sunkuye da garmar hannu, rigar ta manne masa a baya. Kunyoyin da ya tayar ba su kai rabin gonar ba, sauran ciyawa ta fara rufe gero. Bijimin da ya rage yana ɗaure a gindin gawo, karkiya jingine kusa da shi.

Na yi sallama. Ya ɗago da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ya amsa. Ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya dubi jakar da ke kafaɗata.

"Da kyamarar ka taho?"

Na ce e.

"To ɗauki wanga da ya rage," ya ce. "Ka auna da kyau."

Ya koma kan garmarsa. Na je gindin gawon na kwanto bijimin, na fito da shi fili. Na auna a kan ƙasa, na ɗauki hagu da dama, gaba da baya, na durƙusa na ɗauki ƙarƙashin ciki. Kowanne sai na koma inuwa na duba kafin in ɗauki na gaba.